Filasma da Matsalar Riƙe Wutar Rana a Doron Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Kudu da damina ya ga yadda walƙiya kan keta sararin sama a bisa duwatsun da ke kewaye da garin, har dare ya koma tamkar rana na ɗan ƙiftawar ido. Haka kuma wanda ya bi ta gaban rumfar mai walda a Gwaram ya ga wani shuɗin haske mai kashe ido yana fita tsakanin tsinken walda da ƙarfen da ake liƙewa, hasken da ke tilasta wa mai aikin ya kare idanunsa da baƙin gilashi. A wurin mai kallo, babu abin da ya haɗa waɗannan abubuwa biyu. A wurin masana kimiyyar fiziks kuwa abu guda ne, sunansa filasma, kuma shi ne jikin rana da na sauran taurari.

Fiye da shekara 70 ke nan masana suna ƙoƙarin kunna irin wutar da ke ci a cikin rana a nan doron ƙasa, domin a samar da lantarki da ita. Kunna wutar bai gagara ba, don tun a shekarar 1952 Amurka ta tayar da ita a gwajin bam ɗin haidirojin. Abin da ya gagara shi ne a riƙe ta wuri ɗaya, ta riƙa ci a hankali bisa umarnin mutum. Wannan babi zai bayyana mece ce filasma, da dalilin da ya sa riƙe ta ya zama jan aiki, da kuma dabarun da ake bi wajen sarrafa ta.

2.0 Ma'anar Filasma

A makarantar firamare akan koyar da cewa kowane abu yana kasancewa ne a ɗayan halaye uku: ko daskararre, ko ruwa-ruwa, ko kuma iska. Ƙanƙara in ta ji zafi sai ta narke ta zama ruwa, ruwa in ya tafasa sai ya zama tururi. To, idan aka ci gaba da zuga tururin nan har zafinsa ya kai dubban digiri fa? A nan ne ake shiga hali na huɗu.

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Ita ƙwayar zarra tana da ƙwallo a tsakiyarta, kamar yadda goruba take da ƙwallo, sannan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira ilektiron suna kewaya shi. Ƙwallon yana ɗauke da caji irin wanda ake yi wa alamar tarawa a kan batirin tocila, su kuwa ilektiron suna ɗauke da mai alamar ɗebewa. Muddin suna tare, cajin ɗaya yana kashe na ɗaya. Idan zafi ya tsananta, sai ilektiron su ɓalle daga ƙwallayensu, kowa ya kama gabansa. Wannan taron ƙwayoyi masu caji da ke yawo a warwatse shi ake nufi da filasma. Abubuwa biyu suka bambanta ta da iskar gas: tana ɗaukar wutar lantarki kamar waya, kuma tana jin maganaɗisu. Ya kamata ɗalibi ya riƙe hali na biyun da kyau, domin a kansa aka gina duk abin da zai biyo baya.

Wani Baturen Ingila mai suna William Crookes ne ya fara bayyana wannan hali a shekarar 1879, amma Ba'amurke Irving Langmuir ne ya raɗa masa suna a 1928. Asalin kalmar daga Girkanci take, inda take nufin abin da aka mulmula ko aka ƙera. Likitoci sun riga masana fiziks aron ta, sun sa wa ruwan da ƙwayoyin jini ke iyo a cikinsa. Saboda haka filasmar da ake magana a ɗakin gwajin jini na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu daban take da ta wannan babi, suna ne kawai ya zo ɗaya. Da kalmar ta shigo Hausa sai ta bi ƙa'idar aro da aka saba: harafin farko ya koma "f", aka kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar dai yadda aka samu "firamare" da "fursuna".

Ba sai an je ƙasar waje za a sami filasma mai yawa ba. Daga kimanin kilomita 60 zuwa sama, hasken rana yana ɓamɓare ilektiron daga ƙwayoyin iska, ya bar wani rufi na filasma da ya lulluɓe duniya. Wannan rufi ne ke maido da muryar rediyon gajeren zango ƙasa, shi ya sa manomi a Fagam ko Kila yake kama tashar da ke watso shirinta daga wata nahiya, shi ya sa kuma tashar kan fito garau a wani lokaci, ta shaƙe a wani. Bugu da ƙari, layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa ta arewacin Nijeriya. A bisa wannan layi, a tsayin kilomita 100 da ɗoriya, akwai wani kogin lantarki mai faɗin ɗaruruwan kilomitoci da ke kwarara gabas a cikin filasmar sama kullum da rana, kuma Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashinsa. Sydney Chapman ne ya sa masa suna a 1951, amma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi zurfafa bincike a kansa a duniya ɗan Nijeriya ne, Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya fara aikin a Jami'ar Ibadan, ya kuma wallafa littafi sukutum a kan batun a 1997. Binciken wannan kogi ya nuna cewa filasma ba ta gudana salin-alin. Da zarar gudunta ya wuce wani mizani sai ta fara tuƙuƙi, tana kaɗawa, tana kakkaryewa. Wannan rashin natsuwa da ake aunawa a samaniyar Arewa dangi ne na wanda ya hana masu binciken makamashi barci.

3.0 Tsagewa da Haɗewa

Hanya biyu ce ake fitar da makamashi daga ƙwallon zarra, kuma jama'a kan rikita su saboda duka biyun ana kiransu nukiliya. Ta farko ita ce tsagewa, wato a ɗauki ƙwallo mai nauyi, irin na yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, a fasa shi biyu. Duk tashoshin lantarki na nukiliya da ke aiki a duniya wannan hanya suke bi. Ita ce kuma ake bi a 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ta Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda aka kunna a 2004. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, ba a yi ta don ba da wuta ba, sai don tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci da makamantansu. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfin da ba ya yin makami, aka mayar da tsohon ƙasar Sin inda ya fito.

Hanya ta biyu ita ce haɗewa, wato a ɗauki ƙwallaye biyu marasa nauyi a matse su har su zama ɗaya. Sabon ƙwallon da aka samu nauyinsa bai kai na biyun farko in an tara su ba, kuma ɗan gibin nan shi ne yake komawa makamashi, kamar yadda lissafin Albert Einstein na 1905 ya nuna. Arthur Eddington ne ya fara cewa a 1920 wannan shi ne sirrin rana, Hans Bethe kuma ya warware matakan abin a 1939. A kowane sakan guda rana tana mayar da kimanin tan miliyan 600 na haidirojin zuwa hiliyom, tan miliyan 4 daga ciki yana ficewa a matsayin haske da zafi. Ke nan geron da ke nuna a gona da shanyar da ke bushewa a tsakar gida duk albarkacin haɗewa suke ci.

A doron ƙasa, haɗin da ya fi sauƙi shi ne na wasu nau'o'in haidirojin guda biyu masu ɗan nauyi, dutiriyom da tiritiyom. In suka haɗe sai su haifi hiliyom da wata ƙwaya marar caji mai suna niyutiron, wadda ke ficewa da kashi huɗu cikin biyar na makamashin. Ita ce za ta daki bangon na'ura ta zafafa shi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin lantarki. Abin da ke jan hankali shi ne yawan amfanin: awo guda na wannan makamashi yana ba da ƙarfin da ya ninka na ƙona kwal ko man fetur kusan sau miliyan 4. Babu hayaƙi. Dutiriyom kuwa a cikin ruwa yake, ana samun kimanin giram 30 a kowace lita 1,000 ta ruwan teku. Sannan wutar ba ta ƙwacewa ta ci gaba da ci da kanta, da zarar sharuɗɗanta sun ɓaci sai ta mutu.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙwallayen biyu cajinsu iri ɗaya ne, kuma caji iri ɗaya korar juna yake yi. Kafin su haɗu, sai sun yi karo da gudu mai tsanani, gudu kuwa a wannan fage shi ne zafi. Cikin rana zafinsa digiri miliyan 15 ne, ya kuma wadatar saboda nauyin rana da kansa yana danne filasmar. A duniya babu wannan nauyi, don haka sai an biya da ƙarin zafi, daga digiri miliyan 100 zuwa miliyan 150, wato har ninki goma na cikin rana. A 1955 wani injiniyan Ingila, John Lawson, ya lissafa sharuɗɗan da za a cika kafin wutar ta ba da fiye da abin da ta ci. Sharuɗɗan uku ne: zafi, da cunkoson ƙwayoyi, da tsawon lokacin da zafin zai zauna bai zurare ba. Kamar duwatsun murhu suke, in ɗaya ya gaza tukunya ba ta zama.

4.0 Mazubin da Ba Shi da Bango

Wace tukunya ce za ta ɗauki abu mai zafin digiri miliyan 150? Maƙeri ya san ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500, kuma ƙarfen da ya fi kowane jure wuta, wato tongistan, bai wuce digiri 3,400 da 'yan kai ba. Amma akwai wani abin lura a nan. Filasmar da ke cikin irin waɗannan na'urori ba ta da kauri ko kaɗan, duk girman na'urar makamashin da ke ciki a lokaci guda bai wuce 'yan giram ba. Saboda haka in ta taɓa bango, ɓarna biyu ake yi: bangon ya ƙwarzane, ita kuma ta huce nan take, ɓurɓushin ƙarfen da ya shige ta ya kashe ta. Dole ne a rataye ta a tsakiyar fili, ba ta taɓa komai.

A nan ne halin nan nata na jin maganaɗisu ya yi rana. Ƙwaya mai caji ba ta iya tsallake layin maganaɗisu kai tsaye, sai dai ta riƙa nannaɗe shi tana bin tsawonsa, kamar yadda wake ke bin karan dawa. Idan layukan miƙaƙƙu ne, ƙwayoyin za su zube ta baki biyu. Sai aka lanƙwasa su, aka haɗa bakin da baki, suka zama zobe mai siffar gammo. Nan ma wata matsala ta ɓullo: maganaɗisun ya fi ƙarfi ta cikin gammon fiye da ta wajensa, wannan bambanci kuwa yana tura filasmar ta fice. Maganin shi ne a murɗa layukan yadda ake tufka igiyar rama, ta yadda ƙwayar da ke waje yanzu za ta koma ciki an jima.

Hanyar murɗawar ce ta raba na'urorin gida biyu. A 1951 Lyman Spitzer na Jami'ar Princeton a Amurka ya ƙirƙiro sitelareta, wadda a cikinta maganaɗisan da ke waje ne ake ƙerawa a murɗe. A daidai wannan lokaci Andrei Sakharov da Igor Tamm na Tarayyar Sobiyet suka kawo wata dabara: a tura wutar lantarki mai ƙarfi ta cikin filasmar kanta, ita ta haifar da murɗewar. Na'urarsu ita ce tokamak. Ɗalibin ilimin ginin kalma zai so ya san cewa wannan suna ba kalma ɗaya ba ce a asali, gutsattsarin kalmomin Rashanci ne aka harhaɗa, ma'anarsu ɗaki mai siffar zobe da naɗin wayoyin maganaɗisu.

Shekarun farko sun cika da ɗoki da jin kunya. A 1951 shugaban Ajantina, Juan Perón, ya shelanta wa duniya cewa ƙasarsa ta gano bakin zaren, daga baya bincike ya nuna babu komai a ciki. A farkon 1958 Ingila ta yi irin wannan shela game da na'urarta mai suna ZETA, bayan 'yan watanni ta janye maganar. A wannan shekara ce, a taron Janeba, manyan ƙasashe suka cire wa binciken rigar sirri, don kowa ya gane cewa abokin hamayyarsa ma a maƙale yake. Da Rashawa suka ce a 1968 tokamak ɗinsu mai suna T-3 ta kai digiri miliyan 10, ba a yarda ba, sai da masana daga Ingila suka je Mosko da kayan awonsu a 1969 suka tabbatar. Daga nan duniya ta karkata ga tokamak.

5.0 Sarrafa Filasma

Mai karatu zai iya zaton cewa da an gina kejin maganaɗisu an gama. Ba haka abin yake ba, domin abin da aka tsare a ciki shi ma yana haifar da nasa maganaɗisun, wanda ke sauya siffar kejin. Ke nan fursunan yana da hannu a ginin kurkukunsa. Wannan ne ya sa sarrafa filasma ya zama fanni mai zaman kansa.

Misali mafi sauƙin fahimta shi ne na tsayuwa. An gano cewa filasma ta fi riƙe zafi idan aka ja ta ta yi tsawo sama da ƙasa, maimakon a bar ta a mulmule. Amma filasmar da aka ja haka ba ta da wurin zama. In ta ɗan gusa sama, ƙarfin da ke jan ta sama sai ya ƙaru, ta ci gaba da tafiya har ta daki rufi. Yaron da ya tsayar da kara a kan ɗan yatsansa ya san wannan hali: karan ba ya tsayuwa don kansa, yana tsaye ne saboda idon yaron yana kansa, hannunsa kuma yana gyarawa kafin ya faɗi. Bambancin shi ne kara yana ba yaro kusan sakan guda ya yi gyara, filasma kuwa 'yan ɓangarori take bayarwa daga cikin dubu na sakan. Babu hannun ɗan Adam da zai iya wannan. Don haka aikin ya koma wuyan kwamfuta, kuma zagaye ne mai mataki uku da ba ya tsayawa: a auna, a lissafa, a gyara.

Awon kansa aiki ne, tunda babu ma'aunin da za a tsoma a cikin irin wannan zafi. Akan jera ƙananan naɗin waya a jikin bango su riƙa jin motsin maganaɗisu, daga nan a lissafo inda filasmar take da siffarta. Akan harba hasken leza ya ratsa ta, a duba yadda ya warwatsu, a gane zafinta da kaurinta. Wannan ita ce dabarar da Turawan Ingila suka kai Mosko. Kayan gyara kuwa su ne wutar da ake ƙara wa maganaɗisai ko a rage, da igiyoyin rediyo masu ƙarfi da ake auna wani wuri a cikin filasmar da su, da ƙwayoyin zarra masu gudu da ake harbawa ciki don ƙara zafi, da kuma bututun da ke shigar da makamashi.

Cututtukan filasma suna da yawa. Wani lokaci takan lanƙwashe kamar macijin da aka taka. Wani lokaci layukan maganaɗisun kan yage su sake ɗinkewa ta wata fuska, su bar wasu tsibirai da zafi ke zurarewa ta cikinsu. A 1982, a na'urar ASDEX ta Jamus, Friedrich Wagner ya gano cewa in aka ƙara zafi ya wuce wani mataki, filasma kan yi wa kanta wani shinge a gefe, riƙon zafinta ya ninka kusan sau biyu. An yi murna ƙwarai, kuma har yau a kan wannan yanayi ake tsara manyan na'urori. Sai dai shingen yakan cika ya fashe a kai a kai, ya watsa wa bango zafi, ya zama sai an nemo wata dabarar ta huda shi kaɗan-kaɗan kafin ya tumbatsa.

Mafi muni a cikinsu ita ce watsewa. A nan filasma takan zubar da duk zafinta cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na sakan, wutar lantarkin da ke cikinta, wadda ta kai miliyoyin amfiya, ta yanke. Abin da ke biyo baya shi ne girgiza mai ƙarfin ɗaruruwan tan a jikin na'ura, da kuma wasu ilektiron da kan kuɓuce da gudu su huda bango. Watsewa ba ta da haɗari ga garin da ke kusa, amma ga na'urar da aka kashe biliyoyi a kanta babbar asara ce, kuma kamfanin lantarki ba zai sayi injin da kan mutu ba sallama ba. Dabarar da aka tanada ita ce in an hango ta tafe, a harba daskararrun dunƙulen iskar gas a cikin filasmar, su kashe ta a hankali kafin ta kashe kanta da ƙarfi. Amfanin wannan ya dogara ne kacokan a kan hangowar.

A wannan gaɓa ce ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A 2022 masana na Cibiyar Filasma ta Suwizalan da ke Lozan, tare da kamfanin DeepMind, suka ba da rahoton wani tsarin kwamfuta da ya koyi aikin da kansa. An bar shi ya yi ta gwaji da kuskure a kan na'urar kwaikwayo, sannan aka damƙa masa tokamak ta gaske mai suna TCV. Yana karɓar awo 90, yana juya maganaɗisai 19, sau 10,000 a kowane sakan, ya kuma tsayar da filasma a siffofi dabam-dabam, har da guda biyu a lokaci ɗaya. A 2024 wasu masana daga Princeton suka gwada wani tsarin a na'urar DIII-D da ke San Diyego, wanda ke hango yagewar layuka kimanin sulusin sakan kafin ta faru, ya kauce mata. Sulusin sakan bai kai a ce "af" ba, amma a wannan fage lokaci ne mai tsawo. Duk da haka akwai abin dubawa. Tsarin da ya koyi aiki ta wannan hanya ba koyaushe yake iya bayyana dalilin abin da ya yi ba, kuma abin da ya koya a ƙaramar na'ura ba lalle ya yi daidai da babba ba. Injiniyan da zai ba shi amanar babbar na'ura yana da hujja in ya yi taka-tsantsan.

Ita kuwa sitelareta, da yake ba ta dogara da lantarki a cikin filasma ba, ba ta fama da watsewa irin ta tokamak. Wahalarta a wajen ƙira take. Mafi girmanta, Wendelstein 7-X da ke Jamus, ta fara aiki a 2015.

6.0 Inda Aka Kwana

Ya dace a karanta alƙaluman wannan fanni da natsuwa, don kanun labarai kan zarce gaskiya. Na'urar JET ta ƙasashen Turai da ke Ingila ta ba da megawat 16 a 1997, alhali an zuba mata megawat 24 na zafi. A 2023, shekarar da aka rufe ta, ta fitar da megajul 69 cikin sakan 5 daga makamashin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Abin al'ajabi ne in aka dubi ƙanƙantar makamashin, amma megajul 69 bai wuce ƙarfin da ke cikin lita 2 ta fetur ba. Ta fuskar daɗewa kuwa, na'urar EAST ta ƙasar Sin ta riƙe filasma sakan 1,066 a watan Janairun 2025, WEST ta Faransa ta kai sakan 1,337 a watan Fabrairu, wato minti 22 da 'yan kai.

Akwai wata hanyar da ba ta amfani da kejin maganaɗisu. A ɗakin bincike na Livermore a Kalifoniya, akan auna ɗan ƙwanso mai girman ƙwayar gero da hasken leza 192 a lokaci guda, ya matse ya kama kafin ya tarwatse. Ranar 5 ga Disamba, 2022, aka zuba megajul 2.05 na haske, aka sami 3.15. Wannan ne karo na farko da wutar ta ba da fiye da abin da ya shige ta a ɗakin gwaji. Sai dai kafin a samar da hasken nan, na'urorin sun sha kimanin megajul 300 na lantarki. Ɗan kasuwar da ya ci ribar naira ɗaya a kan kaya, ya biya kuɗin mota naira ɗari uku, ya san matsayinsa.

Babban gwajin da ake jira shi ne ITER, wadda ake ginawa a Kadarash da ke kudancin Faransa bisa yarjejeniyar 2006 tsakanin Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu. Nauyinta zai kai tan 23,000. Burinta shi ne a zuba megawat 50 na zafi a sami 500, amma ba za ta ba da lantarki ko na ƙwai ɗaya ba, aikinta tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne. An sha ɗaga ranar kammala ta. Jadawalin da aka fitar a 2024 ya sa fara bincike a 2034, gwaji da dutiriyom da tiritiyom kuma a 2039.

Ko ITER ta yi nasara, da sauran rina a kaba. Tiritiyom ba ya samuwa a ƙasa sai ɗan abin da ba a rasa ba, domin rabinsa kan lalace duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Dole tashar ta riƙa haifar da nata, ta hanyar jera ma'adinin litiyom a jikin bango niyutiron su riƙa dukansa, kuma ba a taɓa gwada wannan a babban sikeli ba. Su kansu niyutiron ɗin suna gajiyar da ƙarfen bango, su mayar da shi mai tururin nukiliya, ko da yake ba na dubban shekaru irin na tokar yuraniyom ba.

Sai kuma maganaɗisan. Wayar tagulla ba za ta ɗauki wutar da ake bukata na dogon lokaci ba tare da ta yi zafi ba. Saboda haka ake amfani da wasu wayoyi na musamman, waɗanda in aka sanyaya su zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, lantarki kan bi ta cikinsu ba tare da wata turjiya ba. Wato a na'ura ɗaya, tazarar 'yan mitoci ce tsakanin abin da ya fi cikin rana zafi da abin da ya kusa ƙarshen sanyi. Manyan maganaɗisan ITER an yi su ne da haɗin ƙarfe biyu, niyobiyom da kuza, kuma an ja wayar da tsawonta ya kai kimanin kilomita 100,000. Waɗannan ƙarafa ba baƙi ba ne a Arewa. Kuza ce ta tara 'yan ƙwadago a Jos tun farkon ƙarni na 20, kuma tun kafin zuwan Turawa ake narka ta a Riruwai. Niyobiyom kuwa daga baƙin yashin nan ake fitar da shi da ake kira kwalambait, wanda masu wankin kuza suka daɗe suna zubarwa a matsayin datti, kafin a shekarun 1950 Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A yau Barazil ce ke samar da mafi yawansa. Masana ilimin ƙasa suna lissafa duwatsun Fagam da na Kila a ƙasar Gwaram, da na Birnin Kudu, a cikin zuriya ɗaya da duwatsun Jos da na Riruwai waɗanda suka ba da waɗannan ma'adinai.